Yadda Ɗalibin Sakandare Zai Ci Kemistiri a Jarrabawar Shiga Jami'a

Duk shekara idan sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, akwai abin da ke ci mini rai. Za ka ga yaro mai ƙwazo, littafinsa na kemistiri cike fal da rubutu mai tsafta, idan ka tambaye shi ma'anar asid ya zubo maka ita tiryan-tiryan ba gargada, amma makin kemistiri ne ya ja shi ƙasa. Yana son karatun likita, ko haɗa magunguna, ko injiniyanci, darasi guda ya tare masa hanya. Iyaye su ce bai yi karatu ba, shi kuma ya rantse ya yi, kuma gaskiya ya faɗa. Ya yi karatu, sai dai irin karatun da ya yi dabam, abin da jarrabawar ke nema dabam.

Saboda irin wannan yaron na rubuta wannan jagora. Zan riƙa cewa "ka", amma ƙanwata, da ke ma nake.

Kafin mu shiga matakan, ya kamata ka san inda gizo ke saƙar. A shekarar 1982 wani malamin kemistiri a Jami'ar Gilasgo ta ƙasar Sukotilan, Alex Johnstone, ya yi bayanin da har yau malamai ke aiki da shi. Ya nuna cewa ana koyon kemistiri ne a hawa uku. Hawa na farko shi ne abin da ido ke gani: ruwa ya sauya launi, iska ta tashi, kwalba ta ɗau zafi. Na biyu shi ne abin da ido ba ya gani, wato atam da molekul da ayon da ke motsi suna haɗuwa suna rabuwa. Na uku shi ne alamomin da ake rubutawa, irin su H₂O da kibiya da lambobi. Malamin da ya goge yana tsallake-tsallake tsakanin hawa ukun cikin jimla ɗaya ba tare da ya lura ba. Ɗalibi kuwa yakan maƙale a hawa na uku, ya haddace alamomi bai san abin da suke nufi a sauran biyun ba. Masu tsara tambayoyin shiga jami'a kuma aikinsu tacewa, don haka sukan ba ka bayani a hawa ɗaya su nemi amsa a wani hawan. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta ɗinke hawa ukun nan.

Mataki na farko: samo manhaja, ka auna kanka

Kowace hukumar jarrabawa tana da manhajar da take fitarwa, mai ɗauke da jerin batutuwan da za a yi tambaya a kansu. Nemi ta shekarar da za ka zauna, daga hukumar kanta. A ciki ka duba ƙa'idoji huɗu: yawan tambayoyi, tsawon lokaci, ko an yarda da kalkuleta, da ko ana rage maki idan mutum ya zaɓi amsar da ba daidai ba. Waɗannan sun bambanta daga jarrabawa zuwa jarrabawa, kuma su ne za su tsara maka yadda za ka yi atisaye.

Sannan ka ɗauki takardar wata shekara da ta wuce, ka rufe littafi, ka saka agogo, ka amsa ta duka. Kada ka ce sai ka gama bita tukuna. Makin da za ka samu zai iya sa gabanka ya faɗi, to bari ya faɗi yanzu da sauran lokaci. Bayan ka duba amsoshi, raba batutuwan manhajar gida uku a takarda: waɗanda ka iya, waɗanda kake ɗan laluben hanya a cikinsu, da waɗanda ba ka san gabansu ba balle bayansu. Mafi yawan lokacinka na gida na biyu da na uku ne. Ɗalibai da yawa sukan koma kan abin da suka riga suka iya saboda yana da daɗin karantawa, makonni su wuce maki bai motsa ba.

Mataki na biyu: mol, sai kuma mol

A nan zan daɗe, domin a ganina duk wanda bai riƙe mol ba, ya bar ginshiƙin ɗakin a waje. Lissafin nauyi, lissafin iskar gas, taitireshon (gano kaurin ruwan sinadari ta hanyar ɗiga masa wani har su kashe kaifin juna), rarraba sinadari da lantarki, zafin da haɗuwar sinadarai ke fitarwa, dukansu a kan mol suke tsaye.

Mol adadi ne, kamar dozin. Dozin abu 12 ne, mol kuwa abu 6.02 × 10²³ ne, adadin da aka raɗa wa sunan masanin Italiya Amedeo Avogadro. Dalilin da ya sa ake buƙatarsa shi ne atam ya yi ƙanƙantar da ba a iya ƙirga shi ɗaya-ɗaya, amma ana iya auna nauyin tarinsa a sikeli. Giram 12 na kabon mol ɗaya ne, giram 18 na ruwa mol ɗaya ne, giram 44 na CO₂ mol ɗaya ne. Nauyinsu ya bambanta, adadin ƙwayoyin da ke ciki ɗaya ne. Mol shi ne gadar da ta haɗa abin da sikeli ke nunawa da abin da ido ba ya gani.

Ƙofofi uku ne ake shiga mol ta cikinsu. Idan an ba ka nauyi, raba shi da nauyin mol ɗaya na sinadarin. Idan an ba ka ruwan sinadari, ninka kaurinsa, wato yawan mol a kowace dm³, da yawan ruwan, amma sai ka mayar da cm³ zuwa dm³ ta hanyar rabawa da 1000. Idan an ba ka iskar gas a zafin digiri 0 da matsin iska na atmosfiya ɗaya, raba girmanta da dm³ 22.4. Wasu takardun sukan ba da 24 idan a zafin ɗaki ne, don haka yi aiki da lambar da aka rubuta maka.

Ga hanyar da nake so ta zame maka jiki: rubuta ikweshon ka daidaita shi, mayar da abin da aka ba ka zuwa mol, yi amfani da lambobin gaban fomula ka tsallaka zuwa mol na abin da ake nema, sannan ka mayar da shi ma'aunin da aka tambaya. Mu gwada. An ƙona giram 10 na farar ƙasa, CaCO₃, har ta rabu gaba ɗaya, ana tambayar girman iskar da ta fita. Ikweshon shi ne CaCO₃ → CaO + CO₂. Nauyin mol ɗaya na CaCO₃ shi ne 40 da 12 da 48, wato 100. Giram 10 ke nan mol 0.1 ne. Ikweshon ya nuna ɗaya na ba da ɗaya, don haka CO₂ ma mol 0.1 ne, girmansa dm³ 2.24. Kada ka tsaya nan. Lissafa nauyin iskar, za ka samu giram 4.4. Lissafa na CaO, giram 5.6. Haɗa su, sun koma 10. Dokar da Antoine Lavoisier ya kafa ke nan a Faransa a ƙarni na 18, cewa nauyi ba ya ɓacewa a haɗuwar sinadarai, kuma kai ma za ka iya amfani da ita ka binciki amsarka cikin sakan kaɗan.

Yanzu ga inda ake kama mutane. An yi amfani da cm³ 20.0 na H₂SO₄ an kashe kaifin cm³ 25.0 na NaOH mai kaurin mol 0.10 a kowace dm³. Mene ne kaurin asid ɗin? Mol na NaOH shi ne 0.10 sau 0.025, wato 0.0025. Mai gaggawa zai raba wannan da 0.020 ya samu 0.125, ya duba zaɓuɓɓuka ya gan shi zaune, ya yi murna. Amma ikweshon cewa ya yi H₂SO₄ + 2NaOH → Na₂SO₄ + 2H₂O. Asid ɗaya yana cinye NaOH biyu, domin kowane molekul nasa yana sakin ayon ɗin haidirojin biyu. Mol na asid ke nan 0.00125, kaurinsa kuma 0.0625. Lura da wannan da kyau: amsoshin ƙarya a jarrabawar zaɓi ba da ka ake jefa su ba. Mai tsara tambaya ya san kuskuren da ɗalibai ke yi, sai ya lissafa sakamakon kuskuren ya ajiye maka shi a jeri. Ganin amsarka a cikin zaɓuɓɓuka ba hujja ba ce cewa ka yi daidai.

Ka ba mol mako biyu ko uku cif, kullum tambaya goma zuwa sha biyar, da biro a hannu. Haɗa da nemo fomula daga kaso: sinadari mai kabon kashi 40, haidirojin 6.7, oksijin 53.3, idan ka raba kowanne da nauyin atam ɗinsa za ka samu 3.33 da 6.7 da 3.33, wato ɗaya, biyu, ɗaya, CH₂O. Idan aka ce nauyin mol ɗinsa 60 ne, sai ka ninka sau biyu, C₂H₄O₂.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sau da yawa matsalar ba ta kemistiri ba ce, ta lissafi ce. Yaro ya gane komai amma raba 0.00125 da 0.020 ya ci masa minti uku. Idan haka kake, ware minti goma kullum ka yi atisayen rabawa da ninkawa da lambobi masu ɗigo, da irin su 10⁻³, ba tare da kalkuleta ba. Babu abin kunya a ciki.

Mataki na uku: iya rubuta fomula da kanka

Ba za ka daidaita ikweshon ba idan fomular da ka rubuta gurguwa ce. Haddace cajin ayon da aka fi amfani da su, wannan kam wurin hadda ne: Na⁺, K⁺, Ag⁺, NH₄⁺, Ca²⁺, Mg²⁺, Zn²⁺, Al³⁺, sai Cl⁻, OH⁻, NO₃⁻, SO₄²⁻, CO₃²⁻, PO₄³⁻. Da zarar sun zauna, fomula ta zama wasan daidaita caji har jimla ta koma sifili. Al³⁺ biyu suna ba da shida, SO₄²⁻ uku suna karɓe shida, ka samu Al₂(SO₄)₃. Wajen daidaita ikweshon kuma, lambar gaban fomula kaɗai ake taɓawa. Wanda ya sauya ƙaramar lambar ƙasa ya sauya sinadarin ne ɗungurungum: H₂O ruwa ne, H₂O₂ kuwa wani abu ne dabam.

Mataki na huɗu: karanta jadawalin sinadarai kamar taswira

Dmitri Mendeleev na Rasha ya fitar da jadawalinsa a 1869, ya bar gurabe babu kowa, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, har ya faɗi halayensu. A 1875 aka gano galiyam, a 1886 aka gano jamaniyam, suka zo kusa ƙwarai da yadda ya siffanta. Ya iya yin haka ne saboda halayen sinadarai tsari suke bi. A 1913 Henry Moseley ya nuna cewa lambar atam ce asalin tsarin, wato yawan furoton. Yau sinadarai 118 ne a jadawalin, amma kai na farko 20 ne za ka riƙe da ka, tare da kaɗan daga ƙarafa irin su baƙin ƙarfe, jan ƙarfe, tutiya, dalma da azurfa.

Ga kowane ɗaya daga cikin 20 ɗin, rubuta jerin ilektoron ɗinsa, ka tambayi kanka abin da jerin ke gaya maka. Sodiyam 2, 8, 1 ne: ɗaya tilo a zagayen waje, saurin sakinsa yake yi, shi ya sa yake zama Na⁺. Kulorin 2, 8, 7 ne: ɗaya ya rage masa ya cika takwas, shi ya sa yake karɓa. Daga nan ka gane dalilin da ya sa suke haɗuwa su ba da NaCl, da dalilin da ya sa wannan gishirin ba ya ɗaukar lantarki yana busasshe, sai ya narke ayon ɗinsa sun samu damar yawo. Ka ga yadda tambayoyi uku suka fito daga fahimta ɗaya.

Haka za ka bi sauran. Girman atam yana raguwa daga hagu zuwa dama saboda furoton na ƙaruwa suna jan ilektoron ciki, yana ƙaruwa daga sama zuwa ƙasa saboda ana ƙara zagaye. Wuyar fizge ilektoron tana tafiya akasin haka. Nauyin kulorin 35.5 ne domin kusan kashi 75 na atam ɗinsa masu nauyin 35 ne, kashi 25 kuma masu 37. Lissafa ka gani da idonka. Duk inda ka ci karo da wata ƙa'ida, tambayi "don me?" har sai ka iya bayyana ta da bakinka, da Hausa ma, ga wanda bai taɓa shiga ajin kimiyya ba.

Mataki na biyar: tarkunan da aka saba ɗanawa

Dokokin iskar gas ba su da wuya, ma'aunin zafi ne ke kayar da mutane. Iska mai cm³ 300 a digiri 27 aka ɗumama ta zuwa digiri 127, matsi bai sauya ba. Wanda ya yi aiki da 27 da 127 kai tsaye zai samu sama da 1400. Dole ka ƙara 273 ka mayar da su Kelbin: 300 da 400. Amsa cm³ 400. Maida shi ɗabi'a, da ka ga digiri a tambayar gas ka rubuta 273 a gefe kafin komai.

A rarraba sinadari da lantarki, tarkon yana wurin caji da lokaci. An wuce da ampiya 5 na minti 32 da sakan 10 ta cikin ruwan CuSO₄. Mayar da lokaci sakan, 1930. Ninka da 5, kulom 9650. Mol ɗaya na ilektoron kulom 96,500 ne, lambar da ke ɗauke da sunan Michael Faraday na Ingila, don haka kana da mol 0.1 na ilektoron. Amma Cu²⁺ yana buƙatar biyu kafin ya zama ƙarfe, saboda haka mol 0.05 ne zai kwanta, giram 3.2 idan an ba ka 64 a matsayin nauyin mol ɗaya na Cu. Ka tabbata 6.4 na nan cikin zaɓuɓɓuka tana jiran mai mantuwa.

Oksideshon rasa ilektoron ne, ridokshon samunsa ne, kuma sinadarin da ya sa wani ya rasa shi ne ya karɓa. Wannan juyin yana rikita ɗalibai, sai ka rubuta misalai biyar ka bi ilektoron ɗin da yatsa. Lambar oksideshon kuwa lissafi ne mai sauƙi: a KMnO₄, fotasiyam +1, oksijin huɗu −8, sai manganis ya zama +7. A K₂Cr₂O₇ kuromiyam +6 ne, domin su biyu ne suka raba +12.

Ma'aunin pH, wanda Søren Sørensen ya ƙirƙiro a Danmak a 1909, kowane taki ɗaya nasa ninki goma ne. Ruwa mai pH 2 ya fi mai pH 4 yawan ayon ɗin haidirojin sau ɗari. HCl mai kaurin 0.01 pH ɗinsa 2, NaOH mai wannan kaurin kuwa 12 a zafin digiri 25. Kuma ka rarrabe asid mai ƙarfi da asid mai kauri: ƙarfi magana ce ta yadda yake rabuwa zuwa ayon a cikin ruwa, kauri kuwa yawan mol ne a kowace dm³.

Batun daidaito, wato inda haɗuwar sinadarai ke tafiya gaba da baya da sauri ɗaya, riƙe misali ɗaya ka san shi ciki da bai, wato haɗa amoniya ta hanyar da Fritz Haber ya gano a Jamus, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a 1913: N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃, kuma haɗuwar zafi take fitarwa. Mol huɗu na gas a hagu, biyu a dama, don haka ƙara matsi yana ƙara amoniya. Ƙara zafi yana rage ta. To don me masana'antu ke aiki a wajen digiri 450? Domin idan zafi ya yi ƙasa haɗuwar tafiyar hawainiya take yi. Baƙin ƙarfen da ake sakawa a wannan haɗin yana hanzarta isa ga daidaito ne kawai, ba ya ƙara yawan amoniyar da za a samu a ƙarshe. Ana yawan tambayar wannan gaɓar. Wanda ya gane misalin nan ya gane ƙa'idar Le Chatelier, wadda ta ce idan aka sauya matsi ko zafi ko kauri, daidaito yana karkata zuwa ɓangaren da zai rage tasirin sauyin.

Mataki na shida: kemistirin kabon

Yawancin makarantu a ƙarshen zango suke isowa nan, a guje, wasu ma ba sa isowa. Kada ka jira. Ɓangaren yana da tsari fiye da yadda ake zato, domin dangi-dangi ne. Fara da sunayen adadin kabon daga ɗaya zuwa goma, sannan ƙarshen suna, wanda shi ke gaya maka dangin: mai ƙarewa da -ane igiyar haɗinsa ɗaya-ɗaya ce, fomularsa CₙH₂ₙ₊₂, mai -ene yana da igiya biyu a wani wuri, CₙH₂ₙ, mai -yne igiya uku, CₙH₂ₙ₋₂, mai -ol yana ɗauke da OH, mai -oic yana ɗauke da COOH.

Ɗauki babbar takarda ka zana taswira. Sa C₂H₄ a tsakiya. Kibiya ɗaya ta tafi C₂H₆ idan an ƙara haidirojin, wata ta tafi C₂H₅OH idan an ƙara tururin ruwa, daga nan wata ta wuce CH₃COOH ta hanyar oksideshon, sannan ka haɗa C₂H₅OH da CH₃COOH su ba da esta mai ƙamshi. A kan kowace kibiya rubuta abin da ake sakawa da yanayin da ake buƙata. Kwana biyu bayan haka ka sake zana ta daga ka. Zana sifofin molekul da hannunka kuma, kana ƙirga igiya huɗu a jikin kowane kabon. Ta haka ne za ka ga da idonka yadda C₄H₁₀ ke da siffa biyu, C₅H₁₂ ke da uku.

Mataki na bakwai: abin da ido ke gani

Ko da jarrabawar ba ta da ɓangaren ɗakin gwaji, tambayoyinta suna cike da launuka da gwaje-gwaje. Idan makarantarku na da kayan aiki, roƙi malam ya bar ku ku taɓa da hannunku. Idan babu, nemi bidiyon gwaje-gwajen a intanet ka kalla, kana rubuta ikweshon kowanne. Kada ka gwada haɗa sinadarai a gida, akwai masu fitar da iska mai guba.

Ga waɗanda ba a raba su da takardun jarrabawa. CO₂ yana sa ruwan Ca(OH)₂ ya yi fari. Oksijin yana sake kunna tsinken da ya rage garwashi. Haidirojin yana ƙonewa da 'yar ƙara. Amoniya tana mayar da jar takardar litmos shuɗiya, kulorin kuma yana kore launin jiƙaƙƙiyar takardar. Idan aka ɗiga NaOH, Fe²⁺ yana kwantar da laka koriya mai dauɗa, Fe³⁺ ja mai ruwan ƙasa, Cu²⁺ shuɗiya. Zn²⁺ da Al³⁺ da Pb²⁺ duk fara suke bayarwa mai narkewa idan NaOH ya yi yawa, amma ta tutiya, Zn²⁺, ce kaɗai ke narkewa a cikin ruwan amoniya mai yawa, da haka ake ware ta. A harshen wuta sodiyam ruwan ɗorawa ne, kalsiyam ja irin na jan bulo. Ruwan buromin yana rasa launinsa idan ya haɗu da mai igiya biyu. Yi jadawalinka da alƙaluma masu launi.

Mataki na takwas: littafin kurakurai

Idan abu ɗaya za ka ɗauka bayan mol, ɗauki wannan. Ware littafi guda. Duk tambayar da ka faɗi, har da wadda ka ci da cinke, rubuta ta a ciki, da amsar da ka zaɓa, da amsar gaskiya, da dalilin kuskuren. Dalilin shi ne zuciyar aikin, kuma sai ka faɗa wa kanka gaskiya: ban san batun ba, ko na sani na manta, ko lissafi ya kuɓuce mini, ko ban karanta tambayar da kyau ba. Kowanne da maganinsa. Na farko komawa littafi ko wurin malam, matambayi ba ya ɓata. Na biyu maimaici. Na uku atisayen lissafi. Na huɗu ja layi a ƙarƙashin kalmomi irin su "ban da" da "mafi ƙaranci". Bayan wata guda za ka tarar kurakuranka ba su da yawa, 'yan kaɗan ne suke ta dawowa da sabuwar riga.

Maimaicin ma yana da hanya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yana zubewa da sauri a farkon lokaci, sai zubewar ta lafa daga baya. Don haka waiwayi sabon darasi washegari, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, sai bayan wata. Kuma ka waiwaye shi da littafi a rufe. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka gwada tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako ɗaya a kan waɗanda suka yi ta sake karantawa. Sake karantawa yana sa mutum ya ji kamar ya iya, domin idonsa ya saba da shafin. A zauren jarrabawa kuwa babu shafin.

Tsofaffin tambayoyi ma haka. Wasu sukan haddace cewa amsar tambaya kaza ita ce ta uku. Da an sauya lamba ɗaya, shi ke nan. Ka bi kowace tambaya har ka iya faɗin abin da ya sa sauran zaɓuɓɓukan ba daidai ba ne. Ka kuma sani littattafan tsofaffin tambayoyi wani lokaci suna ɗauke da amsa mai kuskure, idan lissafinka ya saɓa da nasu kai wa malam ya raba gardama.

Malamai 'yan'uwana, mu ma da namu. Idan ɗalibi ya kawo amsar da ba daidai ba, mu tambaye shi yadda aka yi ya iso gare ta kafin mu gyara. A cikin bayaninsa ne ɓarakar take bayyana. Iyaye kuma, awa ɗaya ta natsuwa kullum ba aike ba hayaniya ta fi wa yaron amfani a kan faɗa bayan sakamako ya fito.

Mataki na tara: agogo da ranar jarrabawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni shida na ƙarshe, yi cikakkiyar jarrabawar gwaji sau biyu a mako, da agogo, da irin ƙa'idojin ranar. Idan a kwamfuta za a yi, yi atisaye a kwamfuta har hannunka ya saba. Raba lokacin da yawan tambayoyi ka san rabon kowace: tambaya 40 a minti 30, alal misali, sakan 45 ke nan. Makon ƙarshe kada ka buɗe sabon batu, littafin kurakuranka da taswirar kabon da jadawalin launuka sun isa. Daren jarrabawa ka yi barci.

A zaure, zagaya takardar sau biyu. Zagayen farko amsa duk wadda ka sani nan take, ka yi wa masu dogon lissafi alama ka wuce. Zagaye na biyu ka dawo musu. Kafin ka fara kowane lissafi, dubi ma'aunan da aka ba ka: cm³ ne ko dm³, minti ne ko sakan, digiri ne ko Kelbin. Yi ƙiyasi kafin ka lissafa, domin idan giram 10 na farar ƙasa aka ƙona ba yadda za a yi giram 56 ya fito daga ciki, ka ga ka zubar da zaɓi ɗaya ko biyu ba tare da wahala ba. Tambayar da ta ƙi ci bayan minti ɗaya da rabi, bar ta. Idan ba a rage maki a kan kuskure, kada ka bar ko ɗaya babu amsa. Idan ana ragewa, yi cinke ne kawai inda ka riga ka kawar da zaɓi biyu. Mintuna uku na ƙarshe ka duba cewa kowace amsa tana gaban lambarta, sannan ka miƙa.